Wanda Ya Tura Ni Hanya

Kabiru, wannan babin naka ne, ko da yake ƙannenka ma za su karanta. Na tsallake labarin koyon ɗinkina a Kano da yadda na dawo Rano na buɗe shago, don kun sha jinsa har kun haddace. Shekarar da aka zura mini bututu har cikin zuciya nake so mu tsaya a kanta, saboda tun daga shekarar akwai maganar da ta zauna a karkace a gidan nan, kuma da hannuna na karkatar da ita. Abin da ka sani, wanda shi garin nan ma ya sani, shi ne mahaifiyarka ce ta tura ni yawo a titi ina majinyaci har na faɗi a hanya. Shekara bakwai ke nan kana riƙe da ita a kan haka. Ga yadda abin ya faru.

Na yi fiye da shekara arba'in a zaune. Da can keken ɗinki na ƙafa ne, ko ba komai mutum yana taka wani abu. Da Allah ya buɗa maka ka sayo mini mai lantarki da ɗan janareta, sai ƙafar ma ta samu hutu. Daga gida zuwa shago babur, daga shago zuwa masallaci taku ashirin, da rana kuma ga tsiren Malam Idi mahauci, abokina tun na yarinta, wanda saboda ƙauna wajen kitsen yake aiko mini. Tumbi ya fito har in zan ɗinka wa kaina riga sai in ƙara yadi a ɓoye. Ranar da abin ya zo muna Fassi, a gonarmu ta gado, ana ɗaurin dawa. Na ga samari suna ɗaga dami kamar wasa, sai wautar tsufa ta ce mini in nuna musu ni ma ban ƙare ba. Na kai shi gwiwa ke nan na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji, ciwo ya bi hannun hagu ya sauka, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Kai ka goya ni zuwa mota, kai ka goya ni cikin asibiti a Rano, da suka ce sai Kano kai ka tuƙa kana share ido da hula. Ban manta ba, kuma wannan goyon yana cikin abin da ya ɗaure mini baki daga baya.

Idona biyu aka yi aikin. Suka kashe mini wuyan hannun dama da allura, suka zura wani bututu mai kaurin tsinken tsintsiya ta jijiyar nan da ake jin bugun jini, ya bi hannu ya haura har zuciya. A fuskar na'ura na ga jijiyoyin zuciyata sun bazu kamar saiwa, wuri guda ya tsuke, jini yana wucewa da ƙyar. Nan suka buɗe, suka bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare wurin. Ranar sallama kai ka sauka karɓo magunguna, saboda haka daga ni sai Hajiya mahaifiyarka muka ji abin da likitar ta ce. Yarinya ce, ba ta fi ƙanwarka Hadiza ba, amma in tana magana ba ta kwana-kwana. Ta tambayi sana'ata, na ce tela ne ni.

"To Baba, ka san abin da ke samun keken da aka ajiye ba a takawa. Mu mun buɗe hanya, amma zamanta a buɗe aikinka ne. Jijiya abu ce mai rai. In jini yana gudu a cikinta sosai takan saki ta buɗe, in aka bar ta a zaune sai ta ƙage. Wadda muka bi ta hannunka ma ta ji jiki, ita ma tana son motsi."

Ta ba ni ƙwallon roba, ta ce in ciwon wuyan hannun ya warke in riƙa matsawa safe da yamma. Tafiya kuma in fara da tsakar gida, sannan bakin layi, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai rabin awa, da saurin da zan iya hira amma ba zan iya waƙa ba. In na ji ƙirji ya kama, in tsaya, in sa wata ƙwaya da ta rubuta mini a ƙarƙashin harshe, a kawo ni. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ashe Hajiya ce mai ji.

Muna dawowa gida ka mai da ni sarki. Ka sa aka fito da gado falo, ga fanka, ga wanda zai miƙo mini buta, sallah ma a zaune. Masu dubiya suka yi ta zuwa daga Lausu, daga Fassi, daga Kibiya, kowa da kwanonsa: farfesun kayan ciki, ƙafar sa, fura da nono an malala man shanu. Kowa kuma da labarin wani da aka yi wa aikin zuciya ya sunkuya ɗaukar takalmi shi ke nan sai gawa. Malam Idi ne kaɗai ya leƙo ya tambaye ni yaushe zan yi arba'in, kuma mace na haifa ko namiji. Ran nan ka shigo ka tarar ina matsa ƙwallon, ka karɓe, wai kada ƙarfen ya goce. Na ce maka likita ce ta ce in yi, har da tafiya ma. Ka ce su likitoci kowa haka suke gaya masa, ba su ne suka ga idona ya juye a gona ba. Na bar maka ƙwallon, kuma gaskiya ba don ka fi ni hujja ba. Tsoro nake ji. In na miƙe na ji zuciyata ta buga da ƙarfi sai in koma in kwanta, ga shi kwanciyar da daɗi in ana yi maka fifita.

Bayan mako shida muka koma Kano, kai kana wajen aiki, direbanka ya kai mu. Matakala goma na hau a asibitin na tsaya ina haki. Wani awo likitar ta yi mini wanda ban taɓa gani ba. Ta ɗaura mini abin awon hawan jini a hannu ta hura shi tamau, ta bar shi har yatsuna suka mutu, sannan ta saki tana kallon jijiyar a na'ura. Ta ce jijiya mai lafiya in jini ya kwararo mata haka sai ta buɗe ta ba shi hanya, tawa kuwa da ƙyar ta motsa, kuma abin da hannu ya nuna ba shi da nisa da abin da ke zuciya. Ta tambaye ni ko ina tafiyar. Na ce ina taɓawa. Hajiya, wadda ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba, tana kallon ƙasa ta ce daga gado zuwa banɗaki. Likitar ta rufe fayil ɗin ta ce in dai haka zan ci gaba za mu sake haɗuwa a ɗakin aiki, in an yi sa'a na iso da rai.

A nan sai na bayyana wani abu saboda jikoki, don zamaninsu ya bar shi. Kai ɗan fari ne, Hajiya kuwa 'yar ƙauyen Fammar ce ta asali, irin waɗanda ke kunyar ɗan fari har tsufa. Ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai "wancan" ko "yayansu". Ana yaye ka kakarka ta ɗauke ka zuwa Fassi, ka dawo mana da wayonka. In tana da magana da kai sai ta gaya wa Hadiza kana tsaye, kai ma ta nan kake ba da amsa. Ba ka haɗa ido da ita, ballantana ka musa mata. Ni zaman birni ya wanke mini wannan kunyar tun da wuri, shi ya sa ni da kai muke musu kamar abokai, kuma taurin kaina ka ɗauko kaf. Na san in na ce zan fita za ka ɓoye takalmana, ka sa mai gadi a ƙofa, ni kuma in zuciya ta ɗebe ni zan faɗa maka abin da ba ya gogewa. Da la'asar ɗin ranar na gaya wa Hajiya ban san yadda zan yi da kai ba. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka ce ni ce na kafa maka doka. Kai zai iya ja da kai, ni ba zai iya buɗe baki ba. Ni da shi dama ba hira muke ba, in ya ɗaure mini fuska ba wanda zai lura. Amma ku biyu in kuka haɗa ƙirji gidan nan ba zai ɗauka ba. Sai dai ka rantse mini ba za ka gaya masa ba."

Na rantse, har ina yaba mata wayo a raina. Da ka zo da safe ka tarar da ni a bakin layi, na ɗaga kafaɗa na ce umarni ne daga cikin gida. Ka dubi ƙofar ɗakinta, ka dube ni, ka haɗiye abin da ke bakinka ka shiga mota. Dabarar ta ci.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne mutanen Rano. A garin nan dattijo ba ya tafiya a ƙasa a bar shi. Ban yi taku hamsin ba mai babur zai ci birki: Malam, hau in kai ka. Ina ka nufa? In na ce ba ko'ina, sai ya yi mini kallon wanda ciwo ya taɓa wa kai. In na ce motsa jiki nake, sai ya ce to hau in kai ka inda za ka motsa. Wanda na ɗinka wa kayan angonci, wanda na ɗinka wa ubansa, kowa gani yake in ya wuce ni ya yi abin kunya, in na ƙi hawa kuma na raina shi. Wata safiya sai da na ƙirga mutum tara. Da na gaji da bayani na gano amsar da ke sallamar kowa da dariya: Hajiya ce ta kafa mini doka, in na hau babur ba ni ba abincin rana. Su yi dariya su wuce, ni ma in ji daɗin an yi raha. Ban tsaya na yi tunanin inda rahar take kwana ba. Kafin wata guda ta shiga gidajen biki, a can kuma ba dariya ake yi ba. Cewa ake matar Malam tela ta gaji da jinya, tana kora shi rana don ta huta. Kai kuma a majalisa aka ce maka mota biyu a gidanka tsohonka yana jan ƙafa a titi kamar wanda bai haifa ba. Na san wanda ya faɗa maka, Allah ya ji ƙansa.

Ita kuwa wadda ake cewa ta gaji da ni, in na fita ba ta iya komai sai na dawo. Hadiza ta sha zuwa ta same ta a tsaye a soro da carbi, wuta ta mutu a murhu. Ita ta nemo ƙwallon robar a inda ka jefa shi. Ita ta daina sa mini man shanu, ta riƙa raba farfesun masu dubiya a maƙwabta tana yi musu godiya kamar na cinye.

Faɗuwar da aka yi ta magana a kanta laifina ce ni kaɗai. Wata uku da farawa na ji ƙarfi ya dawo, sai na fara raina dokar likita. Ranar ana tsakiyar zafin bazara, na makara sai da hantsi ya dubi ludayi, na haɗiye ƙwayoyina ban karya ba, Hajiya tana cewa ga kunu na ce sai na dawo. Na kama hanyar Lausu na wuce inda na saba juyawa. Jiri ya ɗebe ni, na lallaɓa gindin wata tsamiya na zauna, daga nan na kishingiɗa. Ƙirjina lafiya lau. Amma wani mai babur ya hango ni a kwance, kafin labari ya iso wurinka har an fara salati. Ka zo ka ɗauke ni ka kawo ni gida. Ka zaunar da ni a tabarma a tsakar gida. Hajiya tana bakin madafi, Hadiza tana riƙe da kofin ruwa. Hadizar ka fuskanta.

"Hadiza, ki gaya wa mutanen gidan nan, wanda ya gaji da jinya ya faɗa, ina da ɗaki a gidana. Kuma in Baba ya mutu a titi, na san wanda ya kashe shi."

Ina zaune, na sha ruwa, harshena lafiya. Magana ɗaya ta isa: ni na fita, ita hana ni ta yi. Hajiya ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta mai da kai. Shekaru na yi ina gaya wa kaina rantsuwar ce ta hana ni magana. Yau da nake rubutu ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Sauƙi na ji da fushin bai faɗo kaina ba. Ina jin kunyar ka gane uban da ka goya ya kusa kashe kansa da ganganci, sai na bar mace ta ɗauka. Wannan shirun shi ne abu mafi muni da na yi a zaman aurenmu.

Washegari bayan asuba na ce mata na daina, kowa ya huta, in mutuwar ce ta same ni a gado. Ta fita ta dawo da kofin kunu a hannu ɗaya, takalmana a ɗayan, ta ajiye su a gabana. Idonta a kumbure.

"Sha ka tashi. An riga an zage ni, kada zagin ya tafi a banza."

Na sha na tashi. Da muka koma Kano likitar ta ce yunwa da rana da maganin hawan jini ne suka haɗu, ta rage mini ƙwaya ɗaya, ta yi mini faɗa son ranta. Daga nan na mai da tafiyar bayan sallar asuba, da abu a cikina, kafin masu babur su fito. Damina ta zo ina tafe, kaka ta zo ina tafe. Malam Idi da ya fi kowa tsokanata sai ga shi yana bina a baya, wai rako ni yake kada in ɓata. Hannun daman da ya yi sanyi har almakashi yana gagarata ya dawo yana yanka shadda ninki huɗu. Da shekara ta zagayo aka sake awon nan na ɗaure hannu, likitar ta juyo mini da na'urar ta ce in duba da kaina. Ana sakin ɗaurin na ga jijiyar ta buɗe, ni da ban san komai ba ma na gani. Na yi hamdala. Hajiya ta juya fuska bango, kafaɗarta tana motsi. A hanyar dawowa na ce mata yanzu sai in gaya maka, tunda ga sakamako. Ta ce a'a, in ka ji ka zagi uwarka a kan gaskiyarta ba za ka yafe wa kanka ba, a bar kaza cikin gashinta.

Ba zan ce ka gaza mata a haƙƙi ba. Buhun shinkafa bai taɓa yankewa ba, atamfar sallah tana zuwa, kullum da safe kana durƙusawa a ƙofarta ka gaishe ta. Amma da, in ka gama gaisuwa kakan kife turmi ka zauna a tsakar gida kana ba ƙannenka labarin abin da ya faru a wajen aiki, da wanda ya ɓata maka rai, da abin da 'ya'yanka suka yi, ka ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata. Ita kuma tana can tana tankaɗe kamar ba ta ji, alhali ko kalma ba ta wuce ta, in ka tafi ta maimaita mini tana dariya. Ita ke nan hirar da ke tsakaninku duk duniya. Tun ranar nan ba ka sake zama ba. Ina kwana, lafiya lau, ka miƙe. Ta ce ba wanda zai lura, kuma gaskiya mutanen waje ba su lura ba. Ni na lura, don ni nake ganin yadda take bin ƙarar motarka da kunne har ta ɓace.

Shekara bakwai na samu ƙari, na ga auren autarku, na yi wa jikoki shida huɗuba. Duk safiyar da na fita ina sane da wadda ta biya. Yanzu ni ma na fara jin jikina, ita ma haka, kuma ba na so ɗayanmu ya tafi da maganar nan a ciki. Makon jiya na ciyar da miskinai goma kaffarar rantsuwata, sannan na shiga na gaya mata abin da nake rubutawa. Ta yi fushi irin wanda ban ga ta yi ba tun muna yara, ta yini ba ta kula ni ba. Da la'asar ta aiko a kira ni.

"Tunda ka karya rantsuwar, sai ka rubuta har da wannan. Ranar da ya faɗi maganar nan ban riƙe shi ba. Ta yi zafi, amma har cikin raina na ce na haifi wanda zai tsaya wa ubansa. Shirun da ya biyo baya ne ya ci ni. Kuma ka gaya masa kada ya zo ba ni haƙuri, ban san inda zan sa fuskata ba. Ya zo dai ya zauna ya yi surutunsa."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Haƙurin da za a bayar ni ya kamata in ba ku, ku biyun, kuma na bayar. Abu ɗaya ya rage da ba ka sani ba, don ba ka zauna ka gani ba. Kunnenta na hagu ya yi nauyi tun bara, Kabiru. In ka zo ka zauna ta damanta, ka ɗaga murya sosai.